Jirgi a Tudu: Abin da Na Gano a Bakin Ruwan Yauri

Mai zuwa Yauri daga Birnin Kebbi cikin bazara gara ya yi sammako, domin in rana ta take, hanyar nan ba ta da sauƙi. Ana idar da sallar asuba na nufi tasha. Muka bi ta Kalgo muka faɗa Jega, direba ya cike gurbin da ya rage da wasu 'yan kasuwar albasa, sannan muka miƙa kudu. Maiyama, Koko, ƙasa tana ta sauya kama: rairayi yana ja baya, itatuwa suna ƙara kauri, giginya tana leƙowa jefi-jefi. Kafin azahar mun shiga Yelwa, wadda yanzu kowa ke ce wa Yauri kai tsaye, ko da yake tsohon birnin, Bin Yauri, yana can gefe, sai a 1888 ne sarauta ta zauna a nan bakin ruwa.

Jirgi ne ya kawo ni. Ni malamin walda da ƙira ne a wata makarantar koyon sana'a, kuma ɗan ƙanwata da ke karatu a birnin Bristol na Ingila ya san halina da tsohon ƙarfe, shi ya sa ya turo mini bidiyon wani jirgin ruwa mai aiki da tururi da aka adana a garin, sunansa Great Britain. Wurin da aka ajiye shi ne ya fi tsaya mini a rai. Rami ne dogo mai zurfi a bakin ruwa, an ɗaure bangonsa da dutse, da ƙofa mai tare ruwa a bakinsa. Yadda ake aiki da irinsa, sai a buɗe ƙofa ruwa ya cika ramin, a jawo jirgi ya shigo yana iyo, a rufe, a sa inji ya zuƙe ruwan. Ruwa na sauka jirgi na sauka, har ƙashin bayansa ya zauna kan gumaguman katakon da aka jera tun farko, a tokare shi dama da hagu. Daga nan mutum yana iya zagaya shi da ƙafa, ya shiga ƙarƙashinsa, ya taɓa duk inda ruwa ya saba ɓoyewa. Na tambayi wani abokin aikina, mutumin Yauri, ko mu ma muna da inda ake fitar da jirgi a duba ƙasansa. Ya ce in bari sai ruwa ya ja in je da kaina, gani ya kori ji.

Maganar jan ruwa tana da tushe. Kogin Neja, wanda mutanen nan ke kira Kwara, sau biyu yake kawo ruwa a shekara. Akwai farin ruwa mai laka, na daminar nan kusa, wajen Agusta zuwa Oktoba. Akwai kuma baƙin ruwa, wanda ya taso tun daga tsaunukan Gini, ya yi watanni yana ratsa fadamun Mali har lakarsa ta kwanta, ba ya isowa sai cikin hunturu. Tun da aka gama madatsar Kainji a 1968, tafkin da ta haifar ya miƙo har gindin Yauri, yana cika da waɗannan ruwaye biyu, sannan daga wajen Maris ya riƙa sauka har damina ta kankama. Da wannan saukar masu jirgi ke amfani. Wanda ya san jirginsa na bukatar aiki sai ya ɗaure shi inda ruwa ba zurfi, ya jera masa gumagumai, ya jira ruwa ya janye ya bar shi a tudu.

Bayan la'asar na gangara. Na ratsa ta wajen masu kifi, ƙamshin banda ya cika wuri, an shanya warangi a kan buhuna yana ƙyalli, wani yana daddatsa giwan ruwa da adda. Ban tambayi kowa inda kafintocin jirgi suke ba, ƙarar guduma ce ta kai ni.

Jirgin da na tarar zai kai taku ashirin da wani abu a tsawo, irin na ɗaukar buhunan shinkafa da albasa daga tsibirai. An kishingiɗar da shi gefe guda, ƙasansa yana fuskantar rana, gansakuka ta bushe a jikinsa tana ɓarewa. Dattijon da ke jagorantar aikin bai ɗago ba sai da ya kai ƙarshen katakon da yake dubawa. Na yi sallama, na durƙusa muka gaisa, na faɗi daga inda nake da abin da ke tafe da ni.

"Ka zo a sa'a, Malam," in ji shi. "Yau muka buɗa cikinai. Biyo ni."

Aikin farko na kunne ne. Yana tafe yana ƙwanƙwasa katako ɗaya bayan ɗaya da ƙaramar guduma, daga goshin jirgi zuwa gindinsa. Lafiyayyen katako yana amsawa tas, wanda ruwa ya ci kuwa sai ka ji ya amsa a dushe. Inda ya ji haka sai ya zana da gawayi, ya caka tsinin wuƙa. A wani wuri daf da ƙasa wuƙar ta shige har rabi ba tare da ya matsa ba, alhali daga waje katakon sumul yake, har da sauran shuɗin fenti a jikinsa. Ya sa yaronsa ya zaro ƙusa ɗaya daga wurin, ya ɗora mini a tafin hannu. Kanta yana nan da faɗinsa, tsininta ma yana nan, amma tsakiyarta, daidai inda katako biyu suka haɗu, tsatsa ta cinye ta, na sa yatsa biyu na karya. Ramin da ta fito ya yi baƙi ƙirin, itacen da ke kewaye da shi yana marmashewa. Wannan na san shi a aikina. Ƙarfe da katako in suka daɗe tare cikin damshi, kowanne cin ɗan'uwansa yake yi: tsatsa tana lalata naman itace, itace yana riƙe wa ƙusa ruwa. Jirgi yana iya yawo da mutane da ɗaruruwan irin wannan ƙusa a jikinsa ba wanda ya sani, sai ranar da igiyar ruwa ta buge shi da kaya a ciki.

Na zauna kan wani gungume ina kallon sauran aikin. Suka ɓalle ruɓaɓɓen katakon gaba ɗaya, ba su tsaya yi masa faci ba. Baba ya ɗora tsohon a kan sabo ya zana, aka yanka da zarto, shi kuma ya bi gefen da gizago yana sassaƙa kaɗan-kaɗan, a gwada, a sauke, a sake sassaƙa, har ya zauna ba tare da haske ya ratsa tsakani ba. Sannan aka zo kan toshe haɗi. Yaro ɗaya yana murɗa tsumma da auduga, wani yana cusa su cikin tsagar da dakusasshen kurfi, yana bugawa a hankali, domin in an cika ƙarfi katako ya buɗe, in an sassauta ruwa ya sami hanya. A gefe kwalta tana tafasa a rabin ganga. Aka shafe haɗin da ita tun tana zafi, aka ɗora siririn fallen kwano a kai, aka bi shi da ƙananan ƙusoshi a jere, tazarar yatsa biyu-biyu. Hannun yaran duk tabon ƙuna ne.

Na tambaye shi katakon. Ya girgiza kai. Ya ce a zamanin mahaifinsa da maɗaci da kawo ake aiki, itatuwan da ruwa ke jin nauyinsu, yanzu kuwa manyansu sun yi wuya, sai abin da mota ta kawo daga kudu, wani ma ɗanye sharaf, ka kafa shi yau, rani na yi ya tsuke ya bar maka tsaga. Na ƙara masa da abin da na sani, cewa ruwan daɗi irin namu ya fi na teku saurin ruɓar da itace, domin gishiri yana hana ruɓa yaɗuwa, sai dai shi kuma gishiri shi ne ajalin ƙarfe. Wannan ce ta kawo mu kan bidiyon. Na ciro waya na miƙa masa, yaran suka ajiye kayan aiki suka kewaye mu.

"Wanga ƙato duka ƙarfe ne?"

Na ce duka, Baba. Na ba shi labarin yadda na san shi. Wani injiniya mai suna Brunel ne ya tsara shi, aka sa shi a ruwa a 1843, tsawonsa mita 98, kuma a lokacin babu jirgin da ya kai shi girma a duniya. Jikinsa faranti ne na ƙarfe da aka haɗa da ƙusoshin da ake sakawa da zafi a daddake kansu, don walda ba ta zo ba tukuna, kuma farfela ce ke tura shi. Ya yi jigilar mutane zuwa Amurka, ya yi shekaru yana kai masu ƙaura Ostareliya, da ya tsufa aka cire injin aka mai da shi na dakon gawayin kwal. A 1886 guguwa ta raunata shi ya fake a tsibiran Falkland, can kusa da ƙarshen Kudancin Amurka, aka mai da shi rumbun ajiyar ulu da kwal, har a 1937 aka ja shi wani lungu aka huda shi aka bar shi ya zauna a laka. Shekara 33 yana nan. A 1970 wasu suka tashi suka ce sai sun dawo da shi gida. Suka tarar da wata doguwar tsaga a gefensa, kuma da tsofaffin katifun da mutanen tsibirin suka tara aka cusa aka toshe ta har ya taso.

Nan Baba ya yi dariya har da buga cinya, ya nuna yaron da ke murɗa tsumma. "Ka ji ko? Aikinmu ne. Ba su da wata dabara da ta wuce wagga."

Na ci gaba. Aka ɗora shi kan wani faffaɗan dandamali mai iyo, aka jawo shi mil 8,000, aka shigar da shi ramin da aka ƙera shi a ciki, ranar 19 ga Yuli 1970, daidai shekara 127 da ranar da ya fita. Amma fitar da shi daga teku bai tsayar da ciwon ba. Gishirin da ƙarfen ya sha yana nan cikin namansa, yana jawo damshin iska, tsatsa tana ci gaba da ci daga ciki. Maganin da suka samo, wanda aka kammala a 2005, shi ne suka shimfiɗa gilashi daga jikin jirgin zuwa bangon ramin, daidai inda ruwa ya saba tsayawa, suka rufe ƙasan ruf, suka sa injuna suna busar da iskar wurin har damshinta ya tsaya wajen kashi 20 cikin ɗari. A irin wannan bushewa tsatsa ba ta da ƙarfi.

"To in sun ƙare gyara, yaushe za su mai da shi ruwa?"

Na ce ba za su mayar ba, Baba, ƙarfen ya yi sirantar da ba zai ɗauka ba. Mutane ne ke biyan kuɗi su shiga su gani, ana kawo 'yan makaranta.

Ya daɗe yana kallon wayar kafin ya miƙo mini. "Jirgin da ba ya shiga ruwa, Malam, ai ya zama ɗaki."

Ban yi masa musu ba, don ta fuskar mai sana'a gaskiya ya faɗa. Sai na kawo masa labarin wani da ke nan Afirka, Liemba na tafkin Tanganyika a Tanzaniya. Jamusawa suka ƙera shi a 1913, aka kawo shi gunduwa-gunduwa cikin akwatuna, aka harhaɗa a Kigoma. Da yaƙi ya ci su a 1916 suka nutsar da shi da gangan, amma masu kula da injin sai da suka lafta masa man giris tukuna. Ingilishi suka tsamo shi a 1924 suka tarar injin bai mutu ba, a 1927 ya koma aiki, daga baya aka sauya masa injin tururi da na dizal, ya ci gaba da ɗaukar fasinja har ya haura shekara ɗari. Wannan ya yi wa Baba daɗi. Ya ce waɗanda suka shafa man nan su ne masu jirgin na gaskiya, Allah ya sa sun ga tashinsa.

Da dare a masauki na yi ta tunanin jiragen tururin da suka shigo wannan kogi namu, da dalilin da ya sa Yauri ba ta zama tasharsu ba. Duwatsu ne. A wancan zamani, daga Jebba zuwa Bussa kogin cike yake da duwatsu da gangaren ruwa mai ƙarfi. A nan Yauri ne ɗan jagoran Mungo Park, Baturen da ya zo binciken kogin, ya rabu da shi, shi kuwa ya wuce da jirginsa da aka haɗa daga kwale-kwale biyu, ya halaka a duwatsun Bussa a 1806. A 1830 wasu Turawan Ingila 'yan'uwa biyu, Richard da John Lander, suka zo wurin Sarkin Yauri neman takardunsa, sannan suka bi ruwa da kwale-kwale har teku, abin da ya tabbatar wa Turawa inda kogin ke ƙarewa. Shekara biyu bayan haka sai ga jiragen tururi na farko, Quorra da Alburkah, na biyun na ƙarfe, sun shigo daga teku. Zazzaɓi ya yi musu kaca-kaca: cikin Turawa 48, 9 ne suka rayu. A 1854 likita Baikie ya zo da Pleiad yana ba mutanensa kwinin, bai rasa ko ɗaya ba. Da ya dawo a 1857 da Dayspring, jirgin ya daki dutse kusa da Jebba ya farfashe. Cikin waɗanda suka tsira har da Samuel Ajayi Crowther, da John Glover, wanda daga baya ya kafa rundunar Hausawa a Legas, wadda ake jingina asalin sojan Najeriya da ita. Ragowar ƙarafan injin Dayspring an tsamo su an ajiye a tashar jirgin ƙasa ta Jebba. Duwatsun Bussa kuwa, da tsohon garin kansa, suna ƙarƙashin tafkin Kainji yanzu, tare da gonaki da tsibiran da aka tashi mutum kusan 44,000 daga cikinsu, Gungawa da Kambari da sauransu. Saboda haka tarihin ruwan Yauri na katako ne, kuma a hannun irin su Baba yake.

Washegari na tafi Zamare na shiga jirgin da ke ƙetarawa Rofia, don in ga manyan jiragen da idona. Wanda na shiga ya ninka na jiya, da injin Yamaha a gindinsa, an loda babura da buhuna da awaki, mata da goyo sun jeru a tsakiya. Tun da muka tashi har muka sauka wani yaro yana tsugune a ƙasan jirgin da yankakken galan yana kwarfar ruwa, bai huta ba. Na sa hannu a haɗin katakon da ke kusa da ƙafata, ruwa yana tsattsafowa a hankali. Na tambayi matuƙin yaushe rabon da a fitar da shi tudu. Ya amsa mini da ladabi, ya ce irin wannan ba ya jawuwa da hannu, ko an tara majiya ƙarfi hamsin, kuma in aka bar shi ruwa ya janye ya bar shi, sai ya yi watanni a zaune ba ya kawo ko sisi, ga iyali. Don haka a cikin ruwa ake yi masa faci, inda hannu ya kai.

Wannan magana ta dame ni ƙwarai, domin ba wanda ya manta ranar 26 ga Mayu 2021, da jirgin da ya taso daga Lokon Minna ta jihar Neja zuwa kasuwar Warrah a ƙaramar hukumar Ngaski ya nutse, aka yi fargabar mutum fiye da 100 sun tafi, da yawansu mata da yara. Allah ya jiƙansu da rahama. Hukumomi sun yi maganar lodin da ya wuce kima da tsufan jirgin. Akwai kuma kututturan itatuwan da tafkin ya shanye tun 1968, waɗanda ke matsowa kusa da sama in ruwa ya ja. Hukumar raya yankunan madatsun wutar lantarki, HYPPADEC, ta rarraba rigunan kariya daga nutsewa a garuruwan bakin ruwa, kuma abu ne mai kyau, na ga wasu sanye da su. Sai dai riga tana aiki ne bayan jirgi ya riga ya buɗe. Ni abin da nake so in gani shi ne kowane babban jirgin fasinja a fitar da shi tudu sau ɗaya a shekara, a ba irin su Baba wuni biyu da guduma da gawayi, a mai da shi ruwa a rana ta uku. Wannan ba ya bukatar rami irin na Bristol. Gangare ne na kankare da ya shiga cikin ruwa, da layin dogo biyu, da keken ƙarfe da jirgi zai hau, da na'urar naɗe igiyar ƙarfe a sama. Duk abin da na lissafa ɗalibaina suna iya haɗa shi in an ba su ƙarfe.

Da yamma na koma wurin Baba. A bayan rumfarsa akwai wani tsohon kwale-kwale da ban lura da shi ba jiya, sassaƙen gungume guda, baƙi, ya tsage a baki an ɗinke shi da ƙarafa. Ya ce na mahaifinsa ne, da shi suka kwashe kayansu daga tsibirinsu shekarar da ruwa ya taso, kuma masu banda sun sha taya shi don itacen wuta. Na ce kada ya sayar. Na tuna masa da labarin da ake bayarwa na jirgin Kanta, Sarkin Kabi na dā, jirgin da aka ce an lulluɓe shi da tagulla, matuƙa hamsin ke tuƙa shi in ruwa ya cika fadama, ga shi labarin ne kawai ya iso mu. A gidan tarihi na Kanta da ke Argungu, tsohuwar fadar da aka gina a 1831, yara suna ganin makamai da kayan kamun kifi na kakanninsu da idonsu. Yauri ma, da ake taruwa don bikin Rigata ana tseren jirage, ta cancanci rumfa guda da za a ajiye irin wannan, a ɗaga shi daga ƙasa saboda gara, a kare shi daga rana da ruwan sama, a rubuta sunan tsibirin da ya fito.

"To ka ga ni ma ina da nawa ɗakin ke nan," in ji shi. Ya kira yaransa suka ɗora kwale-kwalen kan duwatsu huɗu tun ina tsaye.

Sauran hasken ranar a kan maganar gangare muka ƙarar da shi. Ya kai ni wani wuri da ƙasa ke da tauri, inda ya ce ko farin ruwa ya zo ba ya zaizaye shi. Muka auna da igiya daga inda ruwa yake yau zuwa alamar da ya bari a jikin dutse lokacin cikarsa, na rubuta a littafina, na kuma auna faɗin ƙasan jirgi mafi girma da ke ɗaure a tashar. Ya ce zai yi magana da Sarkin Ruwa da shugabannin masu jirage, su ga abin da za su iya tarawa. Ni kuma na ɗauki alkawarin zanen keken da na'urar naɗe igiyar, da lissafin ƙarfen da za su ci, in kawo masa kafin baƙin ruwa ya iso, tare da ɗalibai biyu da kwalin ƙusa mai rufin tutiya ya gwada a jirgin da zai buɗe na gaba.